Tafiyata Indiya Neman Ido, da Abin da Na Gani a Gefen Rana

Tun da na dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a fada wajen shan shayi a tare ni, kwanan baya na je Tsibiri gaisuwar rasuwa, ana shafa fatiha aka juyo kaina. Wani ya ce wai gaskiya ne a can mota ce ke kauce wa saniya? Wani ya ce ko na ga masu rawar nan ta fim? Na lura kullum in na ba da labarin sai wani abu ya ƙaru, wani ya ɓace. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya huta.

Sunana Isuhu, a Sabon Gari an fi sanina da Isuhu Mai Walda. Shekara talatin da wani abu ina haɗa ƙofofi da tagogi da amalanke. Idona na hagu ya daɗe da mutuwa, tartsatsin ƙarfe ne ya shige shi tun ina saurayi, zamanin da muke ganin sa tabarau ragwanci ne. Da na dama na ci gaba da aiki. Bara da kaka sai na fara ganin ƙarfen da ya kamata ya miƙe ya lanƙwashe a tsakiya. Sau biyu ina yi wa ƙanena Sale faɗa a kan ya yanko mini karkataccen ƙarfe, ashe ƙarfen lafiyarsa lau. Daga nan wani baƙin tabo ya zauna a tsakiyar duk abin da na kalla. In na dubi mutum ina ganin hularsa da kunnuwansa da rigarsa, fuskar ce babu.

Likitan ido na nan Maradi ya ce rami ne ya buɗe a bangon bayan idon, daidai inda gani ya fi kaifi, kuma aikin ya fi ƙarfin kayan da yake da su. Ɗiyata ta fari tana Indiya shekara uku ke nan, ta samu burus, wato tallafin karatu, tana karatun doktora. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwani nake ce mata. Ita ta nemo asibiti, ta aiko takardu. In an tambaye ni me take karantawa, cewa nake, "Rana." Iyakar sanina ke nan. Ban taɓa neman bayani ba, don ina jin nauyin ɗiyata ta faɗa mini abin da ba zan gane ba.

Mai ɗakina, Hajiya Zinatu, mutuniyar Jiratawa ce, garin zogale. Sati biyu ta yi tana shanya. Ta cika jaka guda da busasshen zogale, da ƙuliƙuli, da yaji, ta ɗora kilishi a sama. Na ce kayan sun yi yawa. Ta ce, "Ba naka ba ne. Kai dai ɗan aike ne."

Sale ne ya raka ni Yamai. Kar ɗinmu, wato babbar motar fasinja, ta tashi bayan sallar asuba, muka wuce Madawa, muka tsaya Ƙonni a ci abinci. Na ce masa ya bar ni in zaga ni kaɗai, ai ba makaho ba ne ni. Da na dawo na ga farar mota, na hau, na lalubi kujerata ta gefen taga, na zauna. Ina gyara zama sai wata mata a gefena ta ce, "Alhaji, ka ga ɗiyata na kwance inda kake shirin jingina." Na ce ta yi haƙuri, ina Sale? Ta ce ita ba ta san wani Sale ba, wannan motar Agadas za ta. Direba har ya tada inji. Sale ya same ni a bakin ƙofa yana haki. Daga nan har Yamai, ko ruwa zan sha sai ya riƙe mini gefen riga.

A filin jirgi ya gaya musu ba na gani sosai, sai ga wani ma'aikaci da keken marasa lafiya. Na ce ƙafata ba abin da ya same ta. Suka ce doka ce. Na hau ina jin kunya, ina addu'ar kada Allah ya sa wani Bamaraɗe ya gan ni. Sai da muka sauka Addis Ababa canjin jirgi na gane darajar keken nan. Layin da alhazai masu manyan riguna ke tsaye a kai kamar ba za a gama ba, ni ta gefe aka bi da ni. A jirgi na biyu wata tsohuwar sista ƴar coci ce kusa da ni. Da aka raba takardar shiga ƙasa ta ga ina juya ta sama da ƙasa, ta karɓa, ta buɗe paspor ɗina ta cike mini. Ita ce ma ta gaya mini wane ƙunshi ne gishiri wane ne sukari, amma sai bayan da na riga na zuba gishirin a shayi.

Da hantsi muka sauka Chennai. Jami'in kan iyaka ya ɗaga paspor ya ce, "Najeriya." Na ce, "Nijar." Ya ce, "Najeriya." Na ce, "Nijar, Yamai." Ya kira wani, shi ma ya kira wani, suka taru a kan ordinater, wato kwamfuta, suna neman ƙasata, har suka same ta. Sai aka zo ɗaukar zanen yatsa. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Aka goge mini yatsu, ta ƙi. Aka shafa mini wani mai, ta ƙi. Wuta da ƙarfe sun daɗe da cinye zanen hannuna, ni ban ma sani ba. Na kwaikwayi walda da hannu, na yi "tsss" da baki. Mutumin ya juya tafin hannuna yana kallo, sannan ya kaɗa kai hagu da dama. Na ce shi ke nan, an hana ni, duk wannan tafiya ta tashi a banza. Na zauna ina jiran a juya keke. Ashe su haka suke cewa "to". Ya riga ya buga hatimi, ni yake jira in ba na baya wuri.

Ƴan duwan masu binciken kaya sun karɓe kilishi, sun ce nama ba ya shiga. Zogalen kuwa suka shinshina, ɗaya ya yi dariya ya faɗi wani suna da harshensu, ya mayar mini.

A waje mutane sun yi cincirindo, ni kuwa ba fuskar da nake gani. Da tafiya na gane ta, don ta uwarta ce sak, kamar mai sauri alhali ba sauri take ba. Ta zo ta durƙusa har ƙasa a tsakiyar jama'ar nan ta ce, "Baba, sannu da hanya." Na ce, "Tashi, Uwani, tashi, ana kallonmu." Muryata ce ta so ta ba ni kunya.

Kashegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Madurai, inda asibitin yake, tafiyar kusan yini. A nan na fara cin abincinsu. Shinkafa ce a kan ganyen ayaba, da miya kala-kala a gefe, da hannu suke ci kamar mu, amma nama ko ƙwalli babu. Na tsamo wani abu dogo kore a cikin miya, na tauna, na ji zare-zare. Uwani ta ce, "Baba, ba a haɗiye bayan, tsotsewa ake. Ka san ko mene ne? Ƴaƴan zogale ne." Na riƙe baki. Mu da muke barin su su bushe a bishiya, ko awaki ba su damu da su ba, a can su ne gaban miya.

Masaukinmu kusa da asibiti yake, gidan wani Musulmi mai suna Rahim, ɗakuna biyu a sama. Ranar farko ya zo ya kai ni masallaci, sai na ga ya fito da zane ɗaure a ƙugu. Na ɗauka daga wanka yake, na tsaya ina jira ya sa wando. Shi ma ya tsaya yana jirana. Da muka isa masallaci, liman ma zane ne. Na yi ta dariya a ciki. Kwana uku zafin garin ya dafa ni, na aiki Uwani ta sayo mini nawa. Akwai hoton, amma ba mai ganinsa a Maradi.

Likitar mace ce, ƴar ƙarama, in ta tsaya ba ta kai kafaɗata ba. Ta haska idon ta daɗe, ta yi magana, Uwani na fassara. Ta ce za a shiga cikin idon a gyara, a cika shi da wata iskar gas da za ta danne ramin har ya haɗe. Bayan aiki zan kwana biyar fuskata na kallon ƙasa. Kuma muddin iskar na ciki, ba hawa jirgi, ba hawa dutse, don za ta kumbura ta lalata idon. Na tambaya zan gani? Ta ce tana sa rai, amma ba ta yi alkawari ba. Sannan ta ce sukarina ya hau, sai an yi sati ana saukar da shi kafin ta taɓa ni.

Muka koma masauki zaman jira. A nan na lura da wani abu. Da an yi sallar asuba Uwani sai ta hau rufin gidan ta daɗe. In ta sauko sai ta riƙa duba waya. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba, iska nake sha."

Rana ta biyu da la'asar malaminta ya zo gaishe ni, wani tsoho siriri mai farin gashi, Mushe Raman, wato Malam Raman a Faransance, da kwandon ayaba. Ya yi shekaru yana aiki a Faransa, ni kuma na yi lakwal har aji shida, sai muka lallaɓa da Faransanci. Uwani ta sauka kawo shayi. Tsohon ya ce ɗiyata mai ƙoƙari ce, ya ce abin tausayi ne da kwanakinta biyar suka faɗo daidai da zuwana, amma uba ya fi gaban komai.

Na ce, "Waɗanne kwanaki?"

Ya gane ya yi suɓutar baki, ya so ya sauya magana. Amma na matsa masa. Ashe akwai wani gidan kallon rana a kan dutse, tafiyar awa huɗu daga nan. Masu bincike layi suke bi, kowa a ba shi ƴan kwanaki. Uwani ta kusa shekara tana jiran nata, an ba ta safiya biyar, kuma jiya aka fara ƙirgawa. In suka wuce, gajimare na tafe, sai wata shekara, burus ɗinta kuwa ba zai kai can ba.

Da ya tafi na kira ta.

"Uwani, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Baba, ba wani abu ba ne."

"In ba wani abu ba ne me kike nema a kan rufi?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Wa zan bar ka da shi? Ba ka jin harshensu, ba ka gani. Magani sau uku a yini."

"To mu tafi tare."

"Likita ta ce ka huta."

"Ta ce in huta. Ta ce a ƙasa? Hawan dutse bayan aiki ta hana. Kira ta."

Ta ƙi, na ce zan sa Rahim ya kai ni asibitin da kaina. Ta kira. Likita ta ce ba laifi, in dai zan kiyaye magani, in dawo kwana biyu kafin aiki. Ban gaya wa Uwani ɗaya dalilin ba. Ido ɗaya ya rage mini, an ce za a shiga cikinsa, kuma ba a yi mini alkawari ba. Na ce ko mene ne wannan abin da ya riƙe ɗiyata shekara uku, gara in gan shi tun da sauran gani.

Tun da sassafe muka ɗauki mota. Mu mutanen Maradi ba mu san dutse ba. Hanyar nan murɗawa take kamar igiyar da aka naɗe, kwana bayan kwana, gefe guda bango, gefe guda rami. Sau biyu aka tsaya na amayar da abin da na karya da shi. A tsayawa ta biyu na ajiye ledar ayabar Mushe Raman a kan dakali ina kurkure baki, na juyo na ga wani gajere ya ɗauka yana tafiya. Na ce, "Kai, bawan Allah!" Direba ya kusa faɗuwa don dariya. Biri ne.

Sunan garin har yau harshena bai iya shi ba. Sanyi ne a can irin wanda ke shiga ƙashi, ga hazo na yawo a titi kamar hayaƙin dafa abinci. Aka ba mu ɗakuna a masaukin baƙi na gidan kallon, bargo uku-uku. Safiyar ranar ta riga ta wuce, saura biyu cikin biyar.

Mai kula da na'urar sunansa Selvam, kakkaura ne, hannunsa duk baƙin mai. Da muka gaisa ya ji tafin hannuna, ya juya shi, ya nuna mini nasa. Ba mu da harshe ɗaya amma mun fahimci juna. Ya zaga da ni. Ni na zaci wani bututu ne za a leƙa. Ashe madubai ne a kan hasumiya, su kamo hasken rana su jefa shi ƙasa, ya bi wani dogon rami har cikin ɗaki, inda kamara take. Ba mai kallon rana da idonsa. Na shafa ƙarafan hasumiyar, na ji ba walda ba ce, manyan ƙusoshi ne aka dasa da zafi, aikin mutanen da. Na buga da ɗan yatsa, na ɗaga masa babban yatsa. Ya kaɗa kai hagu da dama. Wannan karon na san abin da yake nufi.

Kashegari muka tashi, gajimare ya rufe ko'ina. Da safe kawai ake aikin, kafin ƙasa ta yi zafi iska ta fara rawa. Muka zauna a ɗakin na'ura da kofin shayi, Selvam na fita yana dawowa. Tun da ba abin yi, sai na cire kunya na ce, "To Uwani, gaya mini. Mene ne kike nema a jikin rana?"

Ta ce, "Baba, farin faifan nan da muke gani ba shi ne ƙarshen rana ba. A samansa akwai wani siririn rufi ja, farin ne ke danne shi, sai da na'ura ko ranar husufi ake ganinsa. To daga cikin rufin nan wasu harsuna na gas mai zafi ke fesowa sama. Ka san in ka buɗe bakin wutar gas ɗinka?"

"Na sani."

"Kamar haka, amma ba iyaka, ko'ina a jikinta. Kowane ya taso, ya yi ƴan mintoci, ya faɗi ko ya ɓace, wani ya maye."

"Girmansu fa?"

"Dogo daga cikinsu ya kai tafiyar da ka yi daga Maradi zuwa nan. Saurinsa kuwa, kafin ka ce ɗaya ka ce biyu, ya tashi daga Tsibiri ya isa Jiratawa."

Na ce, "La'ilaha illallahu."

Ta ce ita ba tasowarsu ce ta fi damunta ba, rangajin da suke yi ne. Suna tashi suna kaɗawa gefe da gefe, wasu har murɗawa suke. Na ce iska ce ke kaɗa su? Ta ce a'a, ƙarfin maganaɗisu ne ke riƙe da su kamar an zura su a waya. Ta ce, "In ka sa aka riƙe doguwar rodi, ka buga wannan kai da guduma, wa ke ji?"

"Wanda ke riƙe da wancan kai. Har haƙoransa."

"To haka muke zato. Ƙasa na bugawa, girgizar na bin su tana hawa. Don akwai abin da ya ɗaure wa kowa kai. In ka yi sama da jikin rana, maimakon zafi ya ragu, ƙaruwa yake, ninki ba adadi."

Na ce, "Wannan kam ban yarda ba. Shekara talatin ina gaban wuta. In ka ja baya sanyi kake ji."

Ta yi dariya irin wadda rabon da in ji tun tana lise, wato sakandare. Ta ce, "Su ma masanan abin da ya hana su barci ke nan. Dole akwai abin da ke ɗaukar ƙarfin yana kaiwa sama. Ni aikina in auna harsunan nan ɗaya-ɗaya, nisan kaɗawarsu da saurinta, a ga ko girgizar ta isa."

Na ce, "In an gano, me za a yi da shi?"

Ta ce, "Akwai amfanin da ake faɗa, don in rana ta yi fushi tana taɓa wayoyi da lantarki. Amma in gaya maka gaskiya, Baba, so nake in sani."

Har azahar gajimaren bai ɗaga ba. Ranar ta tafi. Da rana ta kwaɗa zogalen uwarta da ƙuliƙuli, ta ba Selvam da Mushe Raman, wanda ya biyo mu a bas. Suka ci suna ta tambaya. Ita ko loma uku ba ta yi ba.

Safiya ta ƙarshe ma da gajimare ta waye. Bakwai ta yi, takwas ta wuce. Uwani ta fara naɗe wayoyin ordinater ɗinta, tana cewa ba komai, haka Allah ya so. Ni ina zaune ina jan carbi, ina lissafin safiya ukun farko da ta ɓatar saboda ni. Sai muka ji Selvam daga waje ya kwarma ihu.

Abin da ya biyo baya ban taɓa gani ba. Yarinyar nan da ba ta iya ɗaga ido a gabana ta zama wata. Ta hau ba da umarni da Turanci, gajere-gajere. Selvam na gudu tsakanin hasumiya da ɗaki. Tsohon malaminta da kansa ta nuna masa wani maɓalli, ya tsaya a kai kamar ɗan koyo. Haske ya faɗo cikin ramin, allo ya kama. Ni kuwa na taso na matso in gani, ashe na tsaya daidai inda take son wucewa.

"Baba, matsa!"

Da tsawa ta faɗa, ko juyowa ba ta yi ba. Na matsa. Na koma kujerata a kusurwa ina murmushi ni kaɗai, don na san wannan muryar. Ita nake yi wa duk wanda ya tsaya mini a gaba in ƙarfe ya yi ja, ko da wane ne.

Minti hamsin sararin ya ba ta, sannan gajimare ya dawo. Ta zauna ta dafe kai da hannu biyu. Can ta zabura ta zo ta durƙusa. "Baba, don Allah ka yafe mini. Wallahi ban san na faɗa ba."

Na ce, "An samu?"

"An samu. Ba yadda na so ba, amma an samu."

"To tashi ki nuna mini."

Ta zaunar da ni gaban allo, ta haɗa hotunan ta sa su gudu, abin da ya ɗauki minti hamsin ya wuce cikin minti guda. Na duba, baƙin tabon nan ya rufe komai. Na ce ban ga kome ba. Ta ɗaga hannunta a gefen allon ta ce, "Kada ka kalli allon. Kalli hannuna." Na kafa ido a hannunta. Sai ga shi ta gefen ido. Bakin rana ya lanƙwaso kamar gefen faranti, a kansa abubuwa tsaye cunkus, sirara, kamar gero ya yi tsawo a gonar da ba a rage ba. Suna tasowa, suna rangaji, suna komawa. Wani dogo a gefen dama ya miƙe ya fi sauran, ya karkata hagu, ya dawo dama, ya sake, sannan ya narke. Na ce ta maimaita. Sau shida ta maimaita mini. Na yi ta tasbihi.

Ranar muka sauko. Aikin bai kai awa biyu ba, ban ji zafi ba. Wahalar tana bayansa. Kwana biyar ina kife, in ci a kife, in sha da tsinke a kife, sallah ma a zaune kaina a ƙasa. Na haddace tabarmar Rahim zare-zare. Uwani ta shimfiɗa nata a gefena tana aiki, tana faɗa mini, "Harshe na ashirin da uku ya kaɗa sau uku, Baba. Na ashirin da huɗu ya lalace, iskarmu ta ɓata hoton." Iskar da ke cikin idona kuwa kullum raguwa take, ina ganin layinta na lilo kamar ruwan cikin nibo da muke auna ƙofa da shi.

Sati bakwai na yi kafin a ba ni izinin hawa jirgi. Ramin ya haɗe. Tabon ya tafi, sai ɗan dishi-dishi, kuma miƙaƙƙen abu har yanzu yana ɗan lanƙwasa mini. Fuska dai ina gani. Ta Uwani na fara gani, na tarar ta rame, kuma ashe tabarau take sawa, ba wanda ya gaya mini. Walda kuwa likita ta ce na yi ta ƙarshe. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Yanzu Sale ke riƙe da wuta, ni ina zaune daga ciki ina karɓar aiki ina shafa haɗi da hannu.

Dawowa ba abin labari, sai dai na ƙi keke a Yamai, na bi layi kamar kowa, na yi da-na-sani.

Da na iso gida, bayan ƴan sannu da zuwa sun watse, Hajiya Zinatu ta kawo mini fura ta zauna. Ta tambayi ido, ta tambayi abinci, ta tambaya ko yarinyar na sallah a kan lokaci. Duk na amsa. Sannan ta ce, "To yaushe ta ce za ta dawo?"

Na ajiye ludayi. Kusan wata biyu muna tare, safe da yamma.

Na ce, "Wallahi Hajiya, ban tambaye ta ba."

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Aka aike ka har Indiya."

Na ce, "Aiki take. Ba a yi wa mai aiki magana."